Barci ya ƙaurace min, ƙwayar ma ta daina aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni akanta ne, shekarata 38. Barcina bai wuce awa huɗu zuwa biyar ba a dare. Mantuwa ta yi min yawa, har an fara kama min kuskure a wurin aiki. Wani abokina ya haɗa ni da diazepam, wata biyu ke nan ina sha, yanzu ƙwaya ɗaya ba ta yi min komai. Ko dai ƙwaƙwalwata ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Malam. A shekarunka, irin wannan mantuwar galibi bashin barci ne, kuma tana warwarewa idan barcin ya daidaita. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. A cikin barci mai nauyi ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. A 2013 masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa lokacin barci ne ruwan ƙwaƙwalwa ya fi wanke dattin da ya taru a cikinta. Wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, nutsuwarsa kan yi ƙasa kamar ta wanda ya ɗan kurɓi barasa, don haka kuskuren lissafinka ba abin mamaki ba ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali ƙwayar ce. Kullum sai mun ji wani yana cewa ai da ya haɗiya ya yi barci kamar matacce. Wannan gusar da hankali ne, ɗan'uwa. Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, yana rage barci mai nauyin da ƙwaƙwalwarka ke nema, shi ya sa kake tashi jiki a mace ko da ka daɗe a kwance. Kuma ba ya barin jiki da wuri: bayan kwana ɗaya zuwa biyu rabinsa na nan a jini, abin da hanta ke juya shi ya zama ma ya fi haka daɗewa. Mai sha kowane dare tara shi yake yi, ya je ofis da shi, ya riƙe sitiyari da shi. Shi kansa maganin yana kawo mantuwa. Cikin 'yan makonni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta koma biyu. Mai ba ka shi ba takardar likita, aboki ne ko mai sayarwa, bai tambaye ka ko kana minshari ba, bai tambaye ka me kake sha ban da shi ba. To mai ɗaukewar numfashi a barci ƙwayar ƙara masa take yi, idan kuwa ta haɗu da barasa ko kodin ko tiramol, numfashin na iya tsayawa ɗungurungum. Wai a ce kowa ya zama likita!

Amma kada ka yanke shi farat ɗaya. Bayan wata biyu, dainawa kwatsam na iya kawo karkarwa, fargaba, har da farfaɗiya. Ka kai wa likita kwalin, ka faɗa masa ainihin adadin da kake sha, ya tsara maka ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ya duba maka damuwa, hawan jini, da minshari in iyali sun ce kana yi.

A gida, ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, har ranar hutu. Kofi da lemon ƙara kuzari su tsaya kafin azahar, domin bayan awa biyar zuwa shida rabin sinadarinsu na jikinka. In ka kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske ba tare da waya ba, sai ka ji gyangyaɗi ka koma gado.