An nuna mini fuloti mai araha a bayan Amasaman, in biya ko in dakata?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na daɗe ina haya a Nima cikin Akra, na gaji da kuɗin shekara biyu da masu gida ke karɓa gaba ɗaya. Wani ejan ya kai ni can bayan Amasaman ya nuna mini fuloti ƙafa 70 da 100, kuɗin bai kai rabin na bakin titi ba, amma ya ce in ban biya a satin nan ba akwai mai saye. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka biya a satin nan. Maganar "akwai mai saye" kowane ejan da ita yake tashi da safe, kuma dai ka san araha ba ta ado.

Fara da sanin filin na waye. A Akra yawancin ƙasa ko ta kujerar sarauta ce ko ta dangi, ejan ba shi da ko taku ɗaya a ciki. Ka ce ya kai ka gaban sarkin ko shugaban dangin, in ta dangi ce dole manyan gidan su yarda tare da shi, don in saurayi ɗaya ya ɗebi kuɗinka a bayan idonsu to gobe baffanninsa za su zo su ce ba su san zancen ba, kai kuma ka riga ka zuba yashi da bulo. Rubutun jan fenti da kake gani a bangwaye, wai wannan fili ba na sayarwa ba ne, irin wannan rigimar ce ta haife shi.

Ka ɗauki naka safiyo mai lasisi, ba nasu ba, ya auna ya fitar maka da taswirar filin, da ita za ka je Lands Commission, wato hukumar filaye, a yi maka bincike. Nan za ka ga ko an riga an yi wa wani rajista, ko gwamnati ta karɓe wurin tuntuni. Kuma abin da za a ba ka hayar dogon lokaci ce, ɗan ƙasa yawanci shekara 99, wanda ba ɗan Gana ba kuwa tsarin mulkin 1992 ya tsayar masa a 50. Mutanenmu na zango da suka zo daga Nijar ko Najeriya su lura da wannan sosai. Kuɗi ta banki, takardar indenca kuma, wato yarjejeniyar cinikin filin, lauyanka ya karanta kafin ka sa hannu. In ka ga samari na zaune a gindin bishiya suna maganar kuɗin haƙa tun ba ka saya ba, ni dai shawarata ka juya, dokar filaye ta 2020 ta haramta langad, wato irin waɗannan 'yan daba masu gadin fili, amma haramcin ba zai kwana a filin yana yi maka gadi ba.

Sai ruwa, wanda ni a wurina ya fi komai cin mutane. Fili da rani duk kyau gare shi. Ka koma a watan Yuni bayan an kwana ana tafka ruwa, ka sa takalmin roba ka shiga da ƙafarka. Dubi katangar maƙwabta, in akwai layin laka da ya kai gwiwa to ruwa ne ya sa hannu a wurin. Ka tambayi matar da ke sayar da koko a layin, ita ba ta da kamasho a cinikin. Mutanen Tetegu da Oblogo sun san abin da ke biyo baya duk sanda aka buɗe dam ɗin Weija, kuma ba wanda ya manta ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a Circle. Fili a kwari sai ka cika shi da tifa-tifa na jar ƙasa ka ɗaga harsashi sama, kafin ka kai linta ragin da aka yi maka ya tafi har da riba.

Su wuta da famfo da kuɗin trotro zuwa wurin sana'arka da nisan masallaci da makarantar yara, wannan lissafi ne da za ka iya da kanka.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa, ka leƙa ofishin tsara gari na asambulin Ga West a Amasaman ka nuna musu taswirar, su gaya maka ko an zana titi ko hanyar ruwa a kan wurin, tunda su ne za su ba ka izinin gini daga baya. In duk sun fita lafiya ka biya, ka kafa ginshiƙan iyaka a kusurwa huɗu, ka shigar da takardun rajista a watan, katanga kuma ko layi uku ne na bulo ka fara ɗorawa.