Amsa ga mai tambaya kan rumfar zane da aikin hannu a bikin gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙanena, na karanta tambayar da ka ajiye a wannan zaure, inda ka ce lajnar bikin garinku, wato kwamitin shiryawa, a yankin Gadarif na ƙasar Sudan ta ba ƙungiyarku ta matasa rumfa guda domin ku nuna aikin masu zane na gari, amma waɗanda suka yi karatun zane a wurinku ba su da yawa, har kana tunanin gayyato wasu daga Kasala su cika muku wuri. Na daɗe cikin masu shirya irin wannan rumfa kafin yaƙi ya tsayar da mu, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Kada ka fara da neman masu takardar shaida. Mutanen da kake nema suna cikin garinku, sai dai ba wanda ya saba kiran su masu zane. Akwai malamin halwa, wato makarantar allo, da yake yi wa almajirai zayyanar allo ranar sauka, akwai tsohuwar da take saƙa faifai da kaba mai rini, akwai maɗinkin hula, da baduku, da mai ƙawata ƙwarya da wuƙa mai zafi, da mai lalle wadda amare suke layi a ƙofarta, da yaron da yake yi wa lori da raksha, wato keke mai ƙafa uku, ado da fenti. Ka bi su gida-gida da kanka, ka fara da gaisuwa, domin da yawansu ba za su amsa sanarwar da aka manna a bango ba, kuma wasu za su yi maka dariya idan ka ce aikinsu abin kallo ne.

Wannan magana ba tawa ba ce ni kaɗai. Ibrahim al-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ya yi karatun zane a Landan ya dawo Sudan a 1957. Ya sha ba da labarin yadda ya baje hotunansa a Hartum, mutane suka zo ranar buɗewa suka wuce, aikin bai taɓa su ba. Sai da ya koma ga rubutun Larabci da adon allo da ya tashi yana gani a gidan mahaifinsa, wanda malamin Alƙur'ani ne, sannan jama'a suka fara tsayawa gaban zanensa. Daga wannan hanya, shi da irin su Ahmad Shibrain, aka sami salon zanen da ake kira Makarantar Hartum, kuma a 2013 gidan baje kolin zane na Tate Modern a Landan ya ware masa baje koli na aikin rayuwarsa. To, idan mutum irin wannan ya tarar da tushen aikinsa a jikin allo, babu dalilin da zai sa mu raina malamin da ke zayyana a unguwarmu.

Ban ce ka bar masu fenti da burushi ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, mutanen Hartum da yawa sun gudo Gadarif, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar da ɗaliban Kwalejin Zane a cikinsu. Ka neme su, za su taimaka maka wajen tsara bango. Abin da nake jan kunnenka a kai shi ne yadda za ka zaunar da ɓangarorin biyu. Na ga rumfar da aka rataye hotunan fenti daidai ido, kowanne da sunan mai shi a ƙasa, sannan aka zube faya-fayai da huluna a kan tabarma ba suna ba bayani, sai ka ce kayan gwanjo. Dattawan da suka ba da aron kayan ba su ce uffan ba ranar, amma da shekara ta zagayo babu wanda ya sake ba da ko tsinke. Saboda haka kowane abu ya sami wurinsa a bango ko a kan tebur, da 'yar takarda mai ɗauke da sunan mai aikin, da unguwarsa, da abin da ya yi amfani da shi, da tsawon lokacin da aikin ya ci. A rubuta da Larabci da Hausa, kuma in an sami mai kyakkyawan hannu a ajami, a sa shi ya rubuta, domin tsofaffinmu shi suke karantawa. Matan da ba sa son sunansu ya fito a bainar jama'a, a tambaye su, in sun yarda a rubuta sunan gidan kawai.

Allo yana da nasa hukunci. Wanda ke ɗauke da ayoyi ba a ajiye shi ƙasa, ba a barin kowa ya taɓa, kuma ba a kai shi kusa da lasifikar kiɗa. Ni na fi son a roƙi malam ya yi zayyana zalla ba tare da aya ba, hankalin kowa ya fi kwanciya. Haka nan batun zanen mai rai, wanda na san za a tayar maka: ka je wurin limamin gari tun kafin ka karɓi aiki ko guda, ka gaya masa abin da za a nuna, ka ji ra'ayinsa. A garuruwan da na yi aiki, zanen rubutu da gonaki da kogi bai taɓa jawo magana ba, hotunan fuskoki kuwa mukan ware musu gefe guda.

Game da lokaci, in lajna ta ba ku zaɓi, ku tsaya tsakanin Disamba da Janairu. Damina ta wuce, an gama yankan riɗi, dawa tana shigowa, aljihun manomi da ɗan nauyi, kuma zafin Maris bai kama ba. Siwan ɗin, wato tantin da za ku kafa, a rufe masa ɓangaren da iska take kaɗowa, a yayyafa ruwa a ƙasa da safe, kuma a nesanta shi da masu agashe, domin hayaƙin nama yana kama takarda da zare. Jama'a sun fi zuwa bayan la'asar har isha, don haka ku tanadi fitilun sola, kada ku dogara da wutar gari. Abin da ya fi tara mutane a wurinmu shi ne mu zaunar da mai aiki ɗaya yana yi a gaban kowa, yau maɗinkin hula, gobe mai lalle tana zana a kan takarda, yara kuma a ba su alli da kwali su gwada.

Za a kawo muku kayan gado, musamman gidajen da kakanninsu suka yi hijira zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi da Turawan Ingila na 1903, irin mutanen garin Mai Wurno da danginsu: Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, tsohuwar riga mai aska, takobi. Ra'ayina kada ku karɓa su kwana a rumfa. Ku ɗauki hotonsu ku nuna, ko mai abin ya zo da shi ya zauna kusa da shi ya koma da shi da yamma. Bayan abin da ya sami Gidan Tarihi na Ƙasa a Hartum, inda aka wawashe kaya masu yawa, ban ga ƙungiyar matasa da za ta iya ɗaukar wannan amana ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce take raba abokai. Ku buɗe littafi, duk abin da aka kawo a rubuta shi gaban mai shi da shaida, a bayyana na sayarwa ne ko na kallo kawai. Mai aiki shi zai yanke farashi, kuma tunda darajar kuɗi tana sauka kullum, a sake tambayarsa ranar buɗewa. In ƙungiya za ta cire wani kaso domin hayar siwan da mai gadi, a faɗa tun farko. Mai saye ya tura ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, kai tsaye zuwa asusun mai aikin ko na ɗansa, kada ya bi ta hannun ɗan lajna. Abin da aka saya ya zauna a wurinsa da alama har a rufe biki, wanda ba a saya ba kuwa ku mayar wa masu shi washegari da hannunku, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a littafin. Allah ya taimake ku.