Hajiya ta ce gani ya kori ji

Anti, barka da warhaka. Ƙanena ɗan shekara 22 ya faɗa shan tramol da kodin, yau shekara uku ke nan. Ya bar makaranta, har kayan ɗakin Hajiyarmu ya fara ɗauka yana sayarwa. Wata maƙwabciyarmu ta ce nata ɗan ya fi shi lalacewa, amma da ya yi wata shida a gidan marin wani malami sai ya dawo garau, har ya yi aure. Na ga yaron, wallahi ya shiryu. Hajiya ta dage can za a kai shi, ni kuwa asibiti nake so. Da na yi magana sai ta ce gani ya kori ji. Me zan ce mata?

Yayarsa, daga Zariya

Ƙanwata, Allah ya shirya mana shi. Kada ki ƙaryata maƙwabciyarku, ɗanta ya samu sauƙi. Amma ki tambayi Hajiya cikin ladabi: yara nawa aka kai tare da shi, nawa kuma suka koma ruwa? Uwar da ɗanta ya shiryu ita ke ba da labari a gidan biki. Wadda nata ya koma, kunya ta rufe mata baki, ba za ku taɓa jin ta ba. Ki tuna Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Masu bincike kuwa suna bin marasa lafiya da yawa, su ƙirga har waɗanda maganin bai yi wa aiki ba. Da haka cibiyar nazarin shaye-shaye ta Amurka ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari kan sake komawa bayan jinya, kamar yadda hawan jini kan dawo. Shi ya sa likitan kirki ba zai ce miki wata shida an gama ba, kuma ni na fi yarda da shi saboda hakan.

Abin da ya fi damuna shi ne tramol ɗin. Yanke shi rana ɗaya na kawo ciwon jiki, zufa da rashin barci, a hankali likita ke rage shi. Wanda kuma aka kulle ya daina, in ya fito ya sha adadin da ya saba, jikinsa ba zai ɗauka ba, yana iya rasa ransa.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna bai yi muku nisa ba. Za su duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin shan. Addu'a da rubutu Hajiya ta ci gaba da su a gida. Ranar zuwa ki tafi da ita, ta yi wa likitan tambayoyinta da bakinta.