Amsa ga ƙanenmu da aka hana su rajistar ƙungiyar Hausawa zalla

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka, na kuma ga amsoshin da aka yi ta jero maka. Wasu zuga ka suke yi, wasu zagi, kaɗan ne suka tsaya kan abin da ka tambaya. Ga waɗanda ba su gani ba: ya ce a makarantarsu an yi wa ƙungiyar rawar ɗaliban Tibi rajista, an yi wa ta Bajju da ta Gbagyi, har ofishin kula da ɗalibai yana ba su kuɗin kayan ado. Da shi da abokansa suka kai takardar kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Hausawa zalla, sai aka mayar musu da ita aka ce ƙabilanci ne. Shi ne yake tambaya ina adalci, a bar 'yan tsiraru su keɓe kansu, a hana masu rinjaye?

Na daɗe ina kula da kulob ɗin wasan kwaikwayo a wata makarantar kwana ta gwamnati mai ɗibar yara daga ƙabilu barkatai, kafin nan kuma na yi bautar ƙasa a ƙasar Yarabawa, don haka na zauna a ɓangaren masu yawa, na kuma zauna a na marasa yawa. Ra'ayina a taƙaice: an yi daidai da aka ƙi kalmar "zalla" ɗin nan, amma an zalunce ku da aka jefe ku da ƙabilanci maimakon a zaunar da ku a yi muku bayani.

Abin da ka manta shi ne kuna da ƙungiya tun kafin ku rubuta takarda. Ita ce wadda ake kira kulob na kowa da kowa. A makarantarmu, a takarda da Turanci ake wasa. A zahiri kuwa, da an rufe ƙofar ɗakin gwaji sai Hausa ta karɓe. Da Hausa ake raba wa kowa matsayinsa, da ita ake barkwanci, da ita ake faɗa. Labaran da yara ke kawowa na sarki ne da waziri da dogari, ko alhaji da matansa, ko malami da almajirai. Yaron da Hausarsa ke da gargada kuwa, tun kafin ya buɗe baki an san inda za a ajiye shi: shi ne Bagwarin da za a yi wa dariya, ko mai gadi, ko ɗan aike. Babu wanda ya zauna ya tsara haka da mugunta, yawa ne ya jawo. Kuma yaran Hausawa ba sa ganin komai a ciki, domin a wurinsu wannan shi ne wasan kwaikwayo, babu wani iri. Sai wanda aka maƙala wa rigar mai gadi zango bayan zango ne ya san akwai magana.

Ka ɗaga kai daga makaranta ka dubi ƙasar. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, rediyon Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 harsunan gida uku kawai ya ambata ga Majalisar Tarayya, Hausa da Ibo da Yarabanci, a ƙasar da ke da harsuna sama da 500. Ana rubuta jarrabawar Hausa a WAEC, ana yin digiri har na uku a kanta. Ga masana'antar fim sukutum a Kano tun daga wajen 1990. Yaron Bajju me yake da shi a cikin duk wannan? Majami'arsu ma sau da yawa da littafin waƙoƙin Hausa ake rera waƙa. A kasuwar garinsu da Hausa ake ciniki. A ƙasar Bauchi an yi harshen Ajawa, a Jigawa an yi na Auyokawa da na Teshenawa, yau babu mai magana da ko ɗaya, jikokinsu duk Hausa suke yi. Mu muna jin wannan a matsayin bunƙasar harshenmu, kuma bunƙasa ce. Su kuwa suna kallonsa a matsayin abin da ke jiran nasu.

Na ga wannan da idona. Ranar da 'yan matan wata ƙaramar ƙabila suka fara gwajin rawarsu, waƙar da za su hau kai, mutum biyu ne kawai cikinsu suka san ma'anarta. Sauran haddacewa suka yi kamar karatun allo. Wata tsohuwa mai yi mana girki, 'yar ƙabilar, ita ta riƙa zama da su bayan la'asar tana gyara musu lafazi, tana yi musu faɗa da Hausa don da ita kaɗai za su gane faɗan. To ka ga bambanci? Ku idan an hana ku ɗaki, kun rasa ɗaki ne, gobe ku kunna rediyo ko ku buɗe waya ku tarar da harshenku yana jiranku. Su idan an hana su, waƙar ce za ta bi tsohuwar nan kabari.

Ba a nan kawai ake wannan gardama ba. A Amurka, wani baƙar fata mai suna Arthur Mitchell ya shahara a rawar bale ta Turawa a birnin New York tun 1955, a lokacin da ake cewa jikin baƙi bai dace da ita ba. Bayan kisan Martin Luther King a 1968 ya koma unguwar Harlem, ya kafa makaranta da ƙungiyar rawa a 1969 don yaran baƙaƙe. A ɗaya gefen kuma ga babbar ƙungiyar makaɗan birnin Vienna na Ostiriya, wadda aka kafa a 1842, ba ta yarda ta ba mace cikakken zama mamba ba sai 1997. A ido duk keɓewa ce. Amma ta farko ta samu ne saboda an rufe wa mutane babbar ƙofa, ta biyun kuwa ita ce babbar ƙofar da kanta. Macen da aka hana shiga can ba ta da wata mai daraja irinta da za ta nufa a ƙasar. Duk inda aka kawo mini irin ƙararka, abin da nake fara tambaya ke nan: wanda aka tare a bakin ƙofa, yana da inda zai je mai kama da nan?

Kada kuma ka ɗauka rinjaye tambari ne da aka buga wa Bahaushe a goshi. A Sabo ta Ibadan na ga samarin Hausawa da ƙungiyarsu ta wasa, suna fita da kalangu lokacin sallah, suna tashe da azumi, suna shirya wasan kwaikwayo a makarantar Islamiyya. Yaran nan Yarabanci ya fi sauƙi a bakinsu, iyaye na kuka kan haka kamar yadda iyayen Bajju ke kuka a nan. Da wani Bayarabe ya miƙe ya ce me ya sa Hausawa ke da ƙungiyarsu, ai mu ma sai mu kafa ta Yarabawa zalla, dariya za mu yi masa, mu ce Baba, garin nan gaba ɗaya ƙungiyarku ce. Haka abin yake ga 'yan'uwanmu na zango a Kumasi da Nima ta Akara. Duk wanda a zauren nan ya goyi bayan 'yan Sabo, ban ga ta inda zai ƙi 'yan Bajju a Zariya ko Kano ba.

Mu kanmu ma mun saba da keɓewa ba tare da mun kira ta zalunci ba. Kiɗan ƙwarya da amada na mata ne, a cikin gida ake yi, ban taɓa jin namijin da ya kai ƙara don an hana shi zama a tsakiyar masu shantu ba. A makarantarmu sai da muka ware wa 'yan mata ranar gwajinsu daban, don iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu su yi wasa da maza ba. Da ba a ware ba, da babu su a dandamali sam.

Yanzu bari in juyo kan 'yan tsirarun, don ba waliyyai ba ne. Akwai wani yaro Bahaushe da aka haifa a garinsu, ya tashi a cikinsu, yana jin harshensu fiye da rabin 'yan ƙungiyar, ya kuma iya busa ƙahonsu. Ya nemi shiga, shugabannin ƙungiyar suka ce ba ɗan gida ba ne. Na ce musu sam. Idan hujjarku ita ce kada al'ada ta mutu, ga wanda ya ɗauko ta a ka ya kawo muku, kun kore shi, ashe ba al'adar kuke karewa ba, jini kuke tantancewa. Kuma kuɗin da kuke karɓa na makaranta ne, da kuɗin ubansa a ciki. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba kowa damar kafa ƙungiya, amma sashe na 42 ya hana hukuma ta fifita ɗan ƙasa ko ta tauye shi saboda ƙabila ko addini ko jinsi ko asalin gari. Ku haɗa kuɗinku ku yi taronku a ɗakinku, wannan ruwanku. Da kun miƙa hannu ga asusun makaranta kuwa, doka ɗaya ce ta hau kanku da Hausawa. Saboda haka, ƙanena, je ka nemi kundin ƙungiyoyin nan uku ka karanta. Idan an rubuta cewa sai ɗan ƙabila ne zai shiga kuma aka yi musu rajista a haka, to kana da ƙara mai ƙarfi, ni ma zan sa maka hannu. Amma abin da na saba gani shi ne suna rubuta "raya rawa da waƙoƙin Tibi", ƙofa a buɗe, mutane ne kawai ba sa zuwa. Kai kuma ka rubuta "zalla". Mai yiwuwa a nan kaɗai aka rabu.

Wannan rigimar ta wa ke ciki wa ke waje har shugabannin ƙasashe ta taɓa haɗa faɗa. Gabanin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata da na Afirka na 1977 a Legas, wanda aka yi hawan dabarsa a Kaduna, Senegal ta Shugaba Senghor ta so a taƙaita shigar Larabawan arewacin Afirka, a kan cewa taron na baƙar fata ne. Najeriya ta tsaya kan cewa duk ƙasar da ke Afirka ta shigo da cikakken matsayi. Abin ya kai Senegal ta yi barazanar ƙauracewa, aka kuma sauke Alioune Diop, ɗan Senegal, daga muƙamin babban sakataren shirin. A ƙarshe matsayin Najeriya ne ya tsaya. Ina ganin mun yi daidai a lokacin, don da an bi ta launin fata, sai an zo ana auna Buzu da Basudane a ga ko sun kai baƙi.

Kai ma wannan tarkon ne ke jiranka. Wane ne Bahaushe zalla? Bafulatanin Kano da bai san ko "jam" ba, za ku karɓe shi? Babarbaren da kakansa ya zo fatauci ya zauna a Fagge fa? Banufen Tudun Nufawa? Bamaguje Kirista daga ƙauyen Kano, wanda babu mai ja da asalinsa, yana ciki ko yana waje? Ali Nuhu a Maiduguri aka haife shi, mahaifinsa mutumin Balanga ne ta jihar Gombe. Hadiza Gabon sunanta ma ya faɗi daga inda ta zo. Da masu fim na Kano sun kafa sharaɗin da kuka rubuta, da ba ku san su ba. Hausa ta kai inda ta kai ne don ba ta tambayar mutum takardar asali, duk wanda ya iya ya shigo.

Inda na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne, yawan masu jin Hausa bai ceci wasanninmu na gargajiya ba. Cikin abokanka su nawa suka taɓa ganin 'yan kama suna wasa da rigar malanta da allon wasa? Su nawa suka san 'yan gambara, ko wasan gauta, ko kalankuwa, ko yadda 'yan hoto ke cafe garma a sama? Koroso ma ta koma sai an yi baƙi a gidan gwamnati. Tibi sun riƙe wasan kwaikwayonsu na gargajiya, Kwagh-hir, har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi a kundinta a 2019, Birom na yin bikin Nzem Berom a Jos, mutanen Kagoro na yin bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Mu muna tinƙaho da yawa, yaranmu kuma rawar fim kawai suka iya. Idan wannan ne ya dame ku, kuna da hujja daidai da ta kowa, kuma duk jami'in da ya ce Hausawa ba sa bukatar wurin raya nasu don suna da yawa, bai san abin da yake faɗa ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka sake rubuta takardar. Sunan ya zama ƙungiyar raya wasannin gargajiyar Hausa. Ka jero wasannin da za ku farfaɗo da su da sunayensu, ka faɗi cewa da Hausa za a riƙa gwaji da wasa, ka rubuta ƙarara cewa duk ɗalibin da ke sha'awa zai iya shiga, kuma matsayi a wasa iyawa ce ke bayar da shi. Ka samu malami ɗaya daga sashen Hausa ko na wasan kwaikwayo ya zama uban ƙungiya. Ka haɗa da kwafin kundin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da aka riga aka amince da su, don a ga sharuɗɗanku iri ɗaya ne. Idan sun sake ƙi, ka roƙe su su ba ka dalilinsu a rubuce, ka ɗauko hotonsa ka kawo mana nan, akwai lauyoyi a zauren.