Kowa Na Cewa Na Huta, Ni Kuwa Kaɗaici Ya Ishe Ni

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. A Yakasai, cikin birnin Kano, aka haife ni, a nan aka kai ni babban gidan su maigidana, muka zauna da iyayensa da faccalolina. Bara Allah ya hore masa ya ƙarasa gininsa a bayan Rijiyar Zaki, muka tare. Gida kam ya yi: ga bohol, ga sola, ga tsakar gida yara na guje-guje. Ba hayaniya, ba kwata a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo sai ya ce na huta.

Amma Anti, maigida na fita Kantin Kwari tun da hantsi, sai bayan isha'i. Yara na tafiya makaranta gidan zai yi tsit, har kukan firji nake ji. Kowane gida doguwar katanga da get, mota ta shige a rufe. Kwanaki matar da muke katanga ɗaya ta haihu, ban sani ba sai da na ga rumfa da kujeru ranar suna. Kunya ta hana ni shiga, har yau ban yi mata barka ba.

Na ce masa mu koma cikin gari ko da haya ce, ya ce na cika butulci. Tun ranar magana sama-sama muke yi. Yaya zan yi?

'Yar'uwarku daga Rijiyar Zaki

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abin da kike ji ba butulci ba ne, amma maganar haya ki janye ta. Mutumin da ya yi shekaru yana tara bulo da siminti, aka ce masa ya koma hannun mai gidan haya, dole ransa ya sosu.

Zumuncin da kika baro a Yakasai gadonsa kika yi. Kakanni suka ƙulla shi, ke kika taso kika tarar. A Rijiyar Zaki, Janbulo, Ɗanbare, har rukunin gidajen Kwankwasiyya na titin Zariya, kusan kowa baƙo ne. Wannan daga Gwammaja, wancan daga Fagge, wani malamin Jami'ar Bayero ne daga wata jihar. Ginin ma ya canza. Babu soron da ake zama, babu mai shigowa aron turmi, kowa da ruwansa a gida. To ta ina za a haɗu? Kuma kada ki yi mamaki idan ita ma maƙwabciyar taki tana can tana cewa sabuwar matar nan akwai girman kai.

Saboda haka ke za ki fara. Ki nemi izinin maigida, ki haɗa sabulu da 'yan kayan jarirai, ki ƙwanƙwasa get ɗin. Ki ce, “Maman jariri, ki yi haƙuri, ban ji ba sai ranar suna, kunya ta riƙe ni.” Ba na jin za ta ƙi sakin fuska. Ranar da kika yi dambu ko farfesu, ki zuba a kula ki aika yaro. Annabi (SAW) ya umarci Abu Zarri da ya yawaita romo idan ya yi miya, ya tuna da maƙwabta, hadisin yana cikin Muslim. Kular nan da wuya ta dawo ba komai a ciki.

Ki tambayi Islamiyyar matan aure ta unguwar ki shiga, a nan za ki san matan layinku. Amma a hankali. Kada ki faɗa adashi da mutanen da ba ki gama karanta ba, kada kuma ki saki yara su shiga kowane gida don kawai unguwar shiru ce. Ni shirun da maƙwabta ba su san fuskar juna ba tsoro yake ba ni, don ko baƙo ya fito da yaro a hannu babu mai tambayarsa. Shi ma maigida ya riƙa tsayawa gaisawa bayan sallar asuba a masallacin layi, a nan maza ke maganar kuɗin 'yan sintiri da gyaran taransifoma.

Sai batun ku biyu. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki fara da godiya a kan gidan, sannan ki roƙi abu ɗaya: rana guda a mako, idan ya bi ta Kabuga zai shiga kasuwa, ya sauke ki a Yakasai, ya ɗauko ki da dare. Kin huta da shatar adaidaita, iyayensa ma sun ga jikokinsu. In kuma kika ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kina kuka ba dalili har makonni, ki gaya masa ya kai ki ki ga likita.