Me ya fi haɗari a gyaran motocin da ke yi wa jirgin sama hidima?

Ɗan'uwa, ka ce ka baro garejin mota ka koma filin jirgi, kana tambayar abin da ya kamata ka fi jin tsoro.

A ganina, motocin ɗaga abinci da kaya zuwa ƙofar jirgi ne. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin dandamalin da motar ke ɗaga kaya a kansa yana sama sai ka kafa ƙarfen tokare, ka kashe inji, ka jefa makulli a aljihunka. Nan sababbi ke ruɗuwa: inji ya mutu, amma man haidirolik, wato man da ke ɗaga dandamalin, yana nan a matse cikin tiyo. Sauke matsin kafin ka kwance komai. Kuma ba a laluben yoyo da hannu, kwali ake karawa. Man yana huda fata ya bar ɗan tabo kamar cizon sauro, alhali aikin likitan tiyata ne nan take, ba na kemis ba.

Janaretan da ke ba jirgi wuta kuwa, mai volt 115, bar wa ƙwararren ma'aikacin lantarki. Ka ƙirga sifanunka kafin ka tashi, don injin jirgi yana zuƙe duk ƙarfen da aka yar a gabansa.