Ina da ciki likita ya rubuta min aspirin, uwar mijina ta ce zai tsinka min jini

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Cikina wata uku da 'yan kwanaki, na biyu kenan, na farkon jijjiga ce ta kama ni a wata na takwas har sai da aka yi min aiki. Yanzu da na je awo likita ya duba karnena sai ya rubuta min Aspégic 100, ƙunshi ɗaya kullum da dare. To uwar mijina ta ce kar in sha, wai aspirin yana tsinka jini, ranar haihuwa in jini ya ɓalle ba zai tsaya ba. Wlh na rasa maganar wa zan bi. Ƙanwarki daga Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ki sha maganinki, dama irinki ake rubuta wa shi. Tsoron Mama kuma na ƙauna ne, akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, bari in warware miki ki samu abin da za ki faɗa mata cikin ladabi.

A cikin jini akwai wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ɓargo ke yi, su ne plaket ɗin da kike gani a takardar gwajin jini, a mai lafiya sukan kai 150,000 zuwa 450,000 a kowace mikrolita. In kin yanke da wuƙa wajen yanka kuɓewa su ke fara rugawa bakin ciwon su manne da juna su toshe shi, kuma suna sakin wani sinadari mai suna tromboksan, shi ne kamar kiran gayya, yana tara 'yan uwansu yana kuma matse jijiyar jinin. Ga mace irinki wannan kiran yakan yi yawa ko ba ciwo, ƙananan jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya su takura, jariri ya rasa isasshen abinci, tansiyo, wato awon hawan jini, ta hau ta kai 14/9 (140/90 kenan) ko ta wuce, furotin ya fito a fitsari, daga nan in ba a tare ba sai jijjiga.

Aspirin ɗan kaɗan yana kashe abin da ke haɗa tromboksan ɗin ne a cikin plaket, kuma plaket ɗin da ya taɓa ba ta iya gyara kanta har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10. Bangon jijiya shi kam yana iya sabunta nasa, sai ya ci gaba da yin sinadarin da ke buɗe hanyar jini. Kinga ba ya rage yawan plaket, ba ya mayar da jini ruwa, manne-mannen ne kawai ke raguwa, sauran abubuwan da ke daskarar da jini suna nan suna aikinsu. Kuma tunda ɓargo kullum sababbi yake fitarwa dole kullum ki sha, ba yau a sha gobe a manta ba.

Wannan ba gwaji ake yi a kanki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba mata masu irin wannan haɗarin miligiram 75 kullum, a fara kafin sati na 20, wato wadda ta taɓa yin wannan ciwon a cikin baya, da mai hawan jini tun da can, mai ciwon suga ko ƙoda, da mai tagwaye. A wani bincike mai suna ASPRE da ya fito a 2017 matan da suka sha miligiram 150 tun wajen wata na uku, wannan ciwon hawan jinin da ke sa a ciro jariri kafin lokaci ya ragu musu da kashi 62 cikin ɗari.

Inda Mama ta yi gaskiya, za ki iya ganin ɗan jini a dasashi in kina asuwaki, ko yanka ya ɗan daɗe bai tsaya ba. Shi ya sa likitoci da yawa ke tsayar da shi a sati na 36 dan plaket sababbi su cika kafin naƙuda, ki tambayi naki yaushe za ki daina, ranar haihuwa kuma ki faɗa wa ungozomar asibiti kin sha.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na masu tallan magani a kasuwa. Dan girman Allah in naki ya ƙare kar ki aika yaro ya sayo miki aspirin 500 na ciwon kai ki ce ai duk ɗaya ne, mai yawan nan a ƙarshen ciki yana iya taɓa ƙodar jariri ya rage ruwan mahaifa, har ya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Haka ibuprofen da diclofenac. In zazzaɓi ne ki sha parasitamol ki je a gwada maleriya, ita ce ma take rage plaket sosai.

In kina da gyambon ciki, ko aspirin ya taɓa tayar miki da asma ko borin jini, ki sanar da likita tun yanzu. Kuma maganin rage haɗari yake yi, bai kawar da shi gaba ɗaya ba, saboda haka kar ki fasa awo ko ɗaya. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙahon zuci ko zubar jini, ko tsakar dare ne maigida ya kai ki asibiti. Awo na gaba ki roƙi Mama ta raka ki ta ji daga bakin likitan da kanta.